Wayar Marigayi

A bencin mai gyaran waya, wata dattijuwa da wani saurayi suna jira.

"Mama, taki me ya same ta?" in ji saurayin.

"Ta mijina ce, marigayi. Saƙon coci nake so a toshe."

"Haba Mama! Ni nake tura irinsa a cocinmu. Kula da 'yan'uwa ne."

"Kula? Duk Litinin sai ya shigo: 'Ɗan'uwa, mun yi kewarka jiya a sujada.' Su fa suka binne shi, ɗana."

"Na'ura ke turawa. Ki gaya wa Fasto."

"A ina? Ni ma a majigi nake ganinsa."

"To kawo in toshe miki."

Ta ƙanƙame wayar. "Bar shi dai. Tun da aka tashi makoki, ba mai tambayarsa sai na'urar nan."