Hajo Cikin Littafin Masu Bincike

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Garba masunci, daga wajen Gulma.

Bara anka raba gidan sauro mai magani a ƙauyen tsallake, ban da namu. Da damina zazzaɓi ya kashe ɗiyata Hajo. Ana zaman makoki wani ma'aikacin lafiya ya zo yana rubuta yadda ta cika.

Ya ce, "Bincike ne, Baba. Ƙuri'a anka jefa, ƙauyenku na kwatance ne, ba a ba ku gidan sauro ba don a kwatanta ku da na tsallake. Mai gari ya yarda."

Na bi masu binciken har Argungu. Sunka ce ba mu cikin binciken, tunda ba a gwada komai a jikinmu ba. To mi ya kai Hajo littafinsu? Jama'a, wa ya kamata a tambaya, mai gari ko ubanta?