Ƙaryar da Na Yi wa Kawu Ngadiman a Kan Babur

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, Mai Gari Pak Sudarmo. Malaminmu Kiai Sholikin, wanda bulalarsa ta san bayana fiye da rigata. Jami'ar jinya Bu Warsini. Iyayenmu mata da suka dafa shinkafar rawaya tun safe. Dattawa, da abokan sana'ata 'yan acaba da ke can baya suna jiran in yi tuntuɓen harshe: ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni, ni Dayat, damar tsayawa a walimar samun lafiyar Kawu Ngadiman. Ban yi boko ba, allo kaɗai na riƙe, kuma garin nan ya san ni ne na ɗaure wa liman takalmansa biyu a haɗe ranar Juma'a. Amma abin da zan faɗa yau na gan shi da idona, har sau biyu.

Kowa a nan ya san maganinmu. Ciki ya murɗa, mu ce iska ta shiga jiki, a kawo kwabo da mai a kankare baya har ya yi ja. Kwana biyu Gwaggo Tumirah, matar Kawu, tana kankare shi, bayansa ya koma kamar gonar da aka yi wa huɗa, ciwon bai tafi ba. Daga cibiya ya fara, ya gangara ƙasan ciki ta dama ya zauna. Mutumin da ke cinye kwano biyu ya ture abinci. Sai ya kira ni.

"Kai, shaiɗanin yaro, kai ni wurin Mbah Karso mai tausa ya matse mini iskar nan."

Na ce, "Kawu, asibiti fa?"

"Asibitin me? Shinkafata ta nuna a gona, ka ce in je in kwanta?"

Na ɗauke shi. Ku yafe mini, da muka zo tudun rage gudu na gaban masallaci, na hau shi da ƙarfi da gangan, yadda nake yi wa kowa. Na zaci zagi zan sha. Sai na ji ya yi ƙara, ya dafe ƙasan cikinsa, gumi ya karyo masa.

Na san ƙarar nan. A makarantar allo muna da aboki, Muhlisin, haka yake tafiya a duƙe, haka yake ihu idan ya yi tari. Kwana uku muna kankare masa baya. A na ukun ya ce ciwon ya lafa, muka yi murna, ashe abin fashewa ya yi a ciki. Bai kai Juma'a ba.

Saboda haka da muka iso mararraba na karya hagu.

"Ina za ka da ni? Gidan Mbah Karso ta dama yake!"

"Ai Kawu ba ka ji ba? Gwamnati ta ɗauke shi aiki, yau a ƙaramin asibiti yake tausa."

"Karso? Da haƙori biyun nasa?"

"Har farar riga aka ba shi."

Da muka isa ƙaramin asibitin, Bu Warsini, ga ta nan zaune, ta danna wurin a hankali ta saki, Kawu ya kusa tashi sama. Kafin la'asar yana babban asibiti an cire masa 'yar wutsiyar nan ta hanji da ake kira afendis. Likita ya ce ta kumbura ta kusa fashewa, kuma tausa ba abin da za ta ƙara mata sai haɗari.

Don haka, jama'a, ga abin da Bu Warsini ta karantar da ni, na haddace shi kamar yadda na haddace karatuna.

Na farko, ciwon da ya taso daga cibiya ya koma ƙasan dama, yana ƙaruwa awa bayan awa, yana tsananta idan an yi tari ko tafiya ko an hau gargada, ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. Idan ya haɗa da zazzaɓi, ko amai, ko ƙin abinci, ko ciki ya yi tauri, a tafi a lokacin, ko da ana tsakiyar girbi. Kada a matsa, kada a sha maganin wankin ciki, kada a ɗura masa abinci.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya ɗauke mana Muhlisin: ciwo mai tsanani ya lafa farat ɗaya, kada ku ce an warke. Ku ƙara sauri.

Na uku, iyayena mata, ku gafarce ni, ba bakina ba ne ya dace da wannan. Macen da al'adarta ta yi jinkiri ko take da ciki, ta ji ciwo a gefe ɗaya, balle da jini ko jiri, a ɗauke ta nan take. Maza kuma, kumburi mai zafi a matsematsi da ya ƙi komawa, ko jini a fitsari, ku ajiye kunya a gida, ku tafi asibiti.

Ban ce a jefar da kwabo ba, ni ma ana kankare ni idan ruwa ya dake ni. Amma kwabo a fata yake tsayawa, ba ya kaiwa hanji. Duk wanda ba shi da abin hawa, babur ɗina yana nan, kuma na yi alkawarin bin tudu a hankali.

Allah Ya jiƙan Muhlisin. Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya, Ya saka wa Bu Warsini da alheri, Ya albarkaci girbinmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin Kawu ya rantse ranar da aka cire masa zaren ɗinki zai yi maganina kan zancen farar rigar Mbah Karso. Jiya aka cire. Ga shi can yana naɗe hannun riga, kuma wallahi ban taɓa farin cikin ganin mai shirin marina kamar yau ba.

Na gode.