Maƙalin Seu Aderbal

Shugaban ƙungiyarmu ta masu rumfunan jarida na Recife, Seu Genival. Babbar baƙuwarmu Dona Marilene, wakiliyar kamfanin ɗab'i, wadda ta taso takanas daga São Paulo. Dattawan sana'a da ke zaune a gaba. 'Yan'uwana masu sammako, maza da mata, barkanmu da yamma.

Ni ce Zuleide, mai rumfar bakin tashar mota. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina kuma godiya ga baƙuwarmu da ta yi mana albishir cewa za a sake faro mujallar zane ta jarumi Shahon Tagulla daga lamba ɗaya, da sabon zane da sabuwar riga, domin sababbin makaranta su zo, tsofaffi kuma su dawo. Ranki ya daɗe, wannan albishir karo na huɗu ke nan ina jin sa, kuma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta mutu.

Na farko, batun sababbin makaranta. Ƙwarai, ranar da lamba ɗaya ta fito ana cika rumfa. Amma su wa ke zuwa? Wancan karon wani mai ƙaton agogo ya ɗauki uku. Na ce, "Kai kuwa ido nawa gare ka?" Ya ce, "Haba Dona Zuleide, wa ya ce miki karantawa ake yi? Ai ajiya ake yi don ta yi tsada, da an farke ledar ta tashi daga aiki." Jama'a, mujallar da ba a buɗe ta ba, wa zai ƙosa ya ga abin da ya biyo baya? Lamba biyu ta zo ba su zo ba, lamba uku ta zo ba su zo ba, motar kamfani ta kwashe kayanta yadda ta kawo su.

Na biyu, batun tsofaffi, kuma nan ne ciwon yake. Kun san al'adarmu: mai saye kowane wata ana rubuta sunansa a jikin maƙalin shanya, a maƙale masa tasa a igiyar bayan kanta. Da na gaji rumfar nan daga mahaifina, igiyar har lanƙwasa take yi. Duk sanda aka koma lamba ɗaya sai na cire maƙalai, duk sanda aka koma sai na cire, har ya rage saura guda. Na kuwa yi wa kaina alkawari, muddin akwai maƙali a igiya ba zan rufe rumfa ba, ko da ruwan sanyi da wayar caji kaɗai nake sayarwa.

Maƙalin na Seu Aderbal ne, tsohon direban bas. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa tsallake wata ba. Matarsa Dona Creuza, kafin ciwon ido ya ci ƙarfinta, tare suke karantawa. Bayan ta daina gani, shi yake karanta mata, yana kwatanta mata zanen. Ita ba ruwanta da faɗa da tashi sama, matar Shahon take bi, ta ga aurensu, ta ga haihuwarsu, ta ga saɓaninsu. Har ta rasu tana tambaya ko sun shirya.

Da aka koma lamba ɗaya bara waccan, Seu Aderbal ya farke ledar a gabana, ya duba shafi-shafi har ƙarshe, ya sake komawa farko. Ya ce, "Zuleide, ina matar?" Na ce, "Seu Aderbal, wai yanzu saurayi ne, bai taɓa aure ba." Ya ce, "Mutuwa ta yi?" Na ce, "A'a, wai ba a taɓa yin ta ba." Ya ce, "To da ma kashe ta suka yi, ai da na san inda zan kai ta'aziyya."

Duk da haka ya ci gaba da saye, ni na san don kunyata yake yi. Ranki ya daɗe, kun goge labarin shekara talatin don ku sauƙaƙa wa wanda bai zo ba, kun kori wanda yake tsaye a bakin kanta.

Na uku gajere ne. Jiya Seu Aderbal ya ga takardar tallarku a jikin rumfata. Ya sayi ruwan sanyi, ya miƙo hannu ya ce, "Comadre, 'yar'uwa, ba ni maƙalina." Na ce, "Ka bari mu ga wannan, wataƙila su dawo da matar Shahon." Ya yi murmushi ya ce, "Ko sun dawo da ita, ba za ta san Creuza ba." Na cire na ba shi, ya jefa a aljihun riga ya tsallaka titi.

Saboda haka, shugaba, idan an zo ƙuri'a kan ko za mu ba sabuwar lamba ɗaya gaban rumfuna, kada a lissafa da ni. Ranar Asabar zan kwance igiya in miƙa makulli.

Allah ya ba waɗanda suka rage juriya, Allah ya kawo muku masu farke leda, Allah ya jiƙan Dona Creuza, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.