Intanet Ɗina da Jakin Malam Bawa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Garba mai gyaran janareto, daga Gummi.

Da gumina na sayi kwamfuta da modem, na ce wa maƙwabta an daina zuwa Gusau duba sakamakon jarrabawa. Ranar kasuwa Malam Bawa ya kawo lambar ɗiyarsa. Sabis ya cika fal, amma har muka shanye shayi shafin bai buɗe ba. Ya ce, "Garba, da jakina na hau, da yanzu na wuce Anka."

Da safe na sake gwadawa, nan take ya buɗe, yarinya ta ci. Ashe cikar sabis daban, gudu daban.

Masana, da me ake auna gudun nan? Sauran maƙwabta suna tafe, mutuncina nake ji. Ina gaida Malam Bawa, shi da jakin.