Kamfani Ɗaya Ne Ke Yin Gwajin

A ɗakin jira na wani asibiti a Cleveland na ji wata dattijuwa tana lallashin matashiyar da ke zaune kusa da ita.

"'Yata, na ga kin damu. Tiyata za a yi miki?"

"Ranar Litinin, Mama. Gwaji ya nuna na gaji ƙwayar halittar da ke kawo kansar nono, wai gara a cire duka biyun tun ciwon bai zo ba. Na roƙi a sake gwajin a wani wuri, likita ya ce babu hali."

"Duk asibitocin garin nan?"

"Kamfani ɗaya ne ya yi rajistar ƙwayar da sunansa. Duk wanda ya gwada ta, sai su maka shi a kotu. Ana can ana ta shari'a."

"Abin da ke cikin jininki? Ikon Allah! To, kwantar da hankalinki. Ni ma su suka gwada ni, aka cire nawa, ga ni garau."

"Wa ya tabbatar miki ba su yi kuskure ba?"

"Ai... su suka faɗa."

Dattijuwar ta ƙura wa ƙofar likita ido.

"Mama, lafiya? Wa kika rako?"

"Autata, Corinne. Ita sun ce mata ba ta gada ba, ni da bakina na ce ta daina wahalar zuwa ana duba ta. Shekaranjiya tana wanka ta ji ƙullutu a nononta."