Mai Hawa Ranar da Kowa Ke Saukowa

Buhun gari, ganyen shayi, laima. Da su wani tsoho ya shiga motar ƙauyen kan dutse a tashar garin Gilgit. Wata mata da saukowarta ke nan daga ƙauyen ta leƙo.

"Baba, kowa na gudowa, kai kana hawa? Rediyo ya ce tabkin ƙanƙarar da ke saman ƙauyen zai ɓalle."

"Haka suka ce bara, 'yata. Bai ɓalle ba."

"Bara ma ba ka mutu ba. Shi ke nan ba za ka mutu ba?"

Ya yi dariya. "Bakinki irin na matata Shahbano. Ta ƙi barin gida, wai shanyarta ba ta bushe ba."

"Ashe ka yarda da rediyon."

"Ni da ko abinci na kasa ci?" Ya ja ƙofar ya rufe. "Ko a goye ne, yau zan sauko da ita."