Hantar Iliya da Ƙazafin da Na Yi Masa

Ina gaishe ku, jama'ar Allah, cikin suna mai daraja na Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta tabbata a kanku, manya da ƙanana.

Kun san ni. Ni ne Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya daɗe a kujerar dattawan wannan ikkilisiya ta Ƙaura Namoda. Ban tsaya a gabanku yau don in faɗi wani alheri da na aikata ba. Na tsaya ne in bayyana muguntata da bakina, in kuma shaida yadda Allah ya fisshe ni daga cikinta.

Abin alfaharina a duniya guda ne: giya ba ta taɓa ƙetare zauren gidana ba. Kakata burukutu take dafawa, mahaifina ya karɓi bishara ya farfasa tukwanen. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, kun kuma san abin da wasu ke faɗa a kanmu, wai Kirista ba ya rabuwa da kwalba. Ni kuwa maƙwabtana Musulmi sukan ce ko gidan malamai bai fi gidan Bulus kamewa ba. Wannan yabo na riƙe shi fiye da yadda na riƙe 'ya'yana.

Iliya shi ne ɗana na fari, shekarunsa ashirin da bakwai a lokacin. Shi ke noma gonarmu ta wajen Sakajiki. Da 'yan bindiga suka tsananta a hanyar, na hana shi zuwa daji, na buɗe masa shago a bakin kasuwa. Shekara uku yana zaune a kan benci daga safe har yamma. Wuyansa ya cika, cikinsa ya fito, ni kuwa ina murna, ina ce wa mutane su dubi yadda Allah ke kiwon gidan masu tsoronsa. Da ya fara kukan gajiya, na yanke cewa jininsa ne ya yi ƙasa, na ɗora shi a kan maganin da kowa ya sani: lemon malt a haɗa da madarar gwangwani, safe da yamma. Ni da hannuna nake haɗawa, in tsaya a kansa sai ya shanye.

Daga baya ya fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Aka yi masa gwajin jini a wani ƙaramin asibiti, aka ce hantarsa ba ta daidai, a je Gusau a ƙara bincike.

Hanta! A iya sanina, hantar mashayi ce kaɗai ke lalacewa. Na binne abokan aiki biyu da haka.

Na kira shi tsakar gida da rana tsaka, a gaban ƙannensa. Na ce, "A ina kake sha?"

Ya ce, "Baba, shan me?"

"Kada ka mai da ni yaro. Hantarka ta tona maka asiri."

Ya durƙusa ya ce, "Allah shi ne shaidana, Baba, ban taɓa ɗanɗanawa ba."

Na ce, "Mashayi kuma maƙaryaci, har da kiran sunan Allah!" Na ɗauke shi da mari, namiji mai gemu, uwarsa tana kallo.

Ban tsaya nan ba. Na ji tsoron a ji labarin daga wani bakin, a ce dattijo ya rufa wa nasa asiri. Ni na kai ƙararsa gaban majalisar dattawa, ba tare da shaida ko ɗaya ba. Da Fasto ya ce a dakata a bincika, na ce, "Uba ne ya kawo ƙara, wace shaida ake nema kuma?" Aka sanar da laifinsa a gaban ikkilisiya ranar Lahadi, aka hana shi cin Jibin Ubangiji tare da masu bi, aka mai da shi bencin baya. Wasunku sun yaba mini a bakin ƙofa, na kuwa ji daɗin yabon. Mako biyu bayan haka, mahaifin Rahila, yarinyar da saura wata uku Iliya ya aura, ya mayar mana da kayan baiko a cikin buhu.

Gusau ɗin ma na hana. Na ce wanda ya sayo cuta da zunubi, ya zauna da ita.

Matata Saratu ce ta tashi mini, ita da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Maigida, ka kashe sunan yaron ga, ba ka kashe mini ransa. Gobe za ni kai shi, ko da kai ko ba kai." Na bi su, amma ba don tausayi ba. So nake likita ya faɗa a gaban uwarsa, ta daina kare shi.

An ce kada ya ci komai tun asuba, domin za a yi masa hoton ciki. Muka tarar da layi, yawanci mata masu juna biyu. Na dubi cikin ɗana, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, ka samu 'yan'uwanka. Wata nawa ke nan?" Wasu matan suka yi dariya. Iliya ya sunkuyar da kai.

Likitan matashi ne, kusan tsaran Iliya. Ya kwantar da shi, ya shafa masa wani abu mai sanyi mai yauƙi a ciki, ya riƙa goga kan na'urar a gefen haƙarƙari, hoto yana fitowa a allo. Ya ce, "Baba, ku matso. Wannan ƙoda ce, kun ga ta yi duhu-duhu. Wannan kuma hanta. Da lafiya take, kusan kala ɗaya za su yi. Kun ga yadda ta yi haske ta fi ƙodar? Kitse ne ya taru a cikinta."

Na ce, "Giya ke nan. Faɗa wa uwarsa."

Ya ce, "Hoton kitse yake nunawa, ba ya faɗin inda ya fito. Giya tana kawo shi. Ƙiba da zaƙi da yawan zama ma suna kawo shi. Samari nawa nake gani a nan da irin wannan hantar, waɗanda ko warin giya ba su sani ba." Ya juya ga Iliya ya tambaye shi aikinsa da cimarsa. Da aka zo kan malt da madara sau biyu a yini, ya ajiye na'urar. "Wannan kaɗai ya isa, ga zama wuri ɗaya. Wa ya ba ka wannan shawara?"

Iliya ya ƙi ambata sunana. Har a nan yana rufa mini asiri!

Saratu ta ce, "Ga shi nan tsaye, likita. Shi ka haɗa mishi."

Na fita. Na zauna a inuwar wata bishiyar bedi a harabar asibitin, na buɗe baki in yi addu'a kamar yadda na saba, da dogayen kalmomi, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Sai Ruhun Allah ya riƙa yi mini tambaya a zuci. Ka taɓa jin warinta a bakinsa? Ban taɓa ba. Wani ya taɓa ganinsa? Babu. To, me ka kare? Sunana na kare, ba sunan Yesu ba. Na kifa goshina a ƙasa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na binne mahaifina. Na ce, "Ya Ubangiji, ni ne mai cutar. Ka warkar da ni, ka bar mini ɗana."

Ya kuwa bar mini shi, haleluya! Likita ya ce abin bai yi nisa ba, babu kuma ƙwayar cutar hanta a jininsa. Iliya ya bar zaƙi, ya koma Shinkafi wurin kawunsa yana aikin lambu. Da aka sake hoton bayan watanni, hasken nan ya ragu ƙwarai.

Amma Rahila tana ɗakin wani yanzu. Wannan babu likitan da zai gyara.

Na daɗe girman kai yana riƙe ni, sai makon jiya na tafi Shinkafi. Na same shi cikin lambun albasa, na durƙusa a cikin laka da babbar rigata. Ya ce, "Ku tashi, Baba, mutane na kallo. Na yafe tuni. Amma ba a lambu kuka faɗa ba. Inda kuka faɗa, can za ku janye."

Shi ya sa na tsaya a nan. Ku ji da kyau, ku kai wa waɗanda ba su zo ba: Iliya ɗan Bulus bai taɓa shan giya ba. Ubansa ne ya yi masa ƙazafi.

Na gode wa Yesu da bai yi mini hukunci da gaggawar da na yi wa ɗana ba. Iyaye, in aka ce jikin ɗanku ba daidai, ku kai shi a duba kafin ku buɗe baki. Ku dogara ga Ubangiji, domin wanda ya iya tanƙwara tsoho irina babu zuciyar da za ta gagare shi. Ban sani ba ko Iliya zai sake shigowa ta ƙofar nan. Ku taya ni roƙo. Amin.